Balbir Singh Babba, ɗan Sikh ɗin da ya ci wa Indiya zinare uku a ƙwallon gora

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya cewa ya kalli wani fim ɗin Indiya a kan 'yan ƙwallon gora da suka je Landan a 1948, ya ga masu rawani da gemu a cikinsu. Yana son ya san ko da gaske an yi irin waɗannan 'yan wasa, wane ne na farkonsu, kuma wane ne a cikinsu ya fi cancanta a san tarihinsa.

Ɗan'uwa, an yi su, kuma abin da suka yi a fili ya fi abin da fim ya nuna maka. Na riƙe gora tun ina makarantar sakandare, daga baya na koya wa yara wasan shekaru masu yawa, don haka wannan tambaya ta taɓa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Masu rawanin da ka gani mabiya addinin Sikh ne, addinin da ya faro daga Guru Nanak, wanda aka haifa a 1469 a yankin Punjab, a wani gari da yanzu yake cikin Pakistan. A 1699 ne jagoransu na goma, Guru Gobind Singh, ya kafa musu tsarin da ya sa mazansu ba sa aske gashi, suna naɗa rawani, kuma kowanne yana ƙara Singh a sunansa, wato zaki. Idan za su shiga fili sukan ajiye babban rawanin, su tattara gashin a tsakiyar ka, su ɗaure shi da ɗan farin ƙyalle. Wannan ɗan ƙullin shi ne za ka gani a kusan kowane tsohon hoton 'yan hokin Indiya, wato ƙwallon gora.

Batun na farko yana da sauƙi. Lokacin da Indiya ta fara zuwa gasar Olamfik da ƙungiyar hoki, a Amsterdam a 1928, akwai Kehar Singh Gill a cikin ayarin. A 1932 a Los Angeles akwai Gurmit Singh Kullar, wanda ya ci biyar a ranar da Indiya ta yi wa Amurka 24 da 1. A 1936 a Berlin akwai Gurcharan Singh Grewal. Duk ukun sun dawo gida a ayarin da ya ci zinare. Amma in ana maganar wanda ya fi cancanta a zauna a ba da tarihinsa, ni ba na ko jinkiri: Balbir Singh Dosanjh ne, wanda ake kira Balbir Singh Babba saboda akwai wasu Balbir Singh da dama da suka biyo bayansa. A gasar Olamfik ta 1968 kaɗai, Balbir Singh uku ne a ƙungiyar Indiya.

Kafin in shiga rayuwarsa, ya kamata ka san dalilin da ya sa Punjab ta zama gidan wannan wasa. Turawan Ingila sun ci Punjab da yaƙi a 1849, daga nan suka riƙa ɗiban samarin Sikh suna sa su a soja, yawan da ya zarce kasonsu a cikin jama'ar ƙasar nesa ba kusa ba. Hafsoshin Turawa suna buga hoki a bariki, sojoji suka koya, suka kai ƙauyukansu. Sai aka yi dace, domin dama can yaran Punjab suna da wasansu na gargajiya da suke kira khido khundi: ƙwallon tsumma da sanda mai lanƙwasasshen baki da ake sarowa daga bishiya. Hannun da ya saba da wannan, gora ba baƙuwarsa ba ce. Akwai wani ƙaramin ƙauye, Sansarpur, da yake manne da barikin sojan Jalandhar. Ƙauyen nan kaɗai ya fitar da 'yan Olamfik 14 a hoki, wasu sun buga wa Indiya, wasu Kenya, ɗaya Kanada. Gurmit Singh da na ambata ɗan can ne. Ga kuma masassaƙan Sialkot, daga baya na Jalandhar, da suke sassaƙa gora, har ta zama abin da ɗan talaka zai iya mallaka.

An haifi Balbir ranar 31 ga Disamba 1923 a ƙauyen Haripur Khalsa, a gundumar Jalandhar. Mahaifinsa, Dalip Singh Dosanjh, yana cikin masu fafutukar korar Turawa, don haka yaron ya tashi uban yau yana gida gobe yana kurkuku. A garin Moga ya yi makaranta, a can kuma ya fara wasa. Da tsaron gida ya fara, aka matso da shi baya, kafin a gane cewa wurinsa yana can gaba. Yana ɗan shekara 12 ya ga majigin nasarar Indiya a Berlin, inda Dhyan Chand, shahararren ɗan wasan hokin Indiya na zamanin, da abokansa suka yi wa Jamus 8 da 1, kuma ya sha faɗa cewa wannan majigi ne ya sa masa ƙwallon gora a zuciya. Wasan ya ci masa karatu har mahaifin ya tura shi Lahore, zuwa kwalejin 'yan Sikh da ke can. A Lahore ɗin ne idon Harbail Singh, kocin Kwalejin Khalsa ta Amritsar, ya faɗa kansa. Harbail bai bar maganar ba sai da aka mayar da yaron Amritsar a 1942. Wannan mutum shi ne ya ƙera shi, kuma shi ne dai ya zama kocin Indiya a Olamfik ta 1952 da ta 1956. Ƙungiyar Jami'ar Punjab da Balbir yake bugawa ta ci kofin jami'o'in Indiya sau uku a jere, 1943 da 1944 da 1945, na ƙarshen yana kyaftin.

Yadda ya shiga aikin ɗan sanda labari ne da shi da bakinsa ya sha bayarwa. Shugaban 'yan sandan Punjab na lokacin, wani Bature mai suna John Bennett, yana son ya ja shi cikin ƙungiyar hokin 'yan sanda. Balbir kuwa ba ya son sa kakin mutanen da suke kulle mahaifinsa, sai ya gudu Delhi ya kama aiki a ma'aikatar ayyuka. Aka bi shi har can, aka sa masa ankwa, aka dawo da shi Punjab, aka ce ya zaɓa: ko kurkuku ko hoki a ƙungiyar 'yan sanda. Ya zaɓi hoki. Ɗan mai fafutukar 'yanci ya wayi gari cikin kakin gwamnatin mulkin mallaka, kuma daga wannan ƙungiya ya riƙa fita yana buga wa Punjab da Indiya har ƙarshen wasansa.

A farkon 1947 ƙungiyar Punjab ta je Bombay ta ci kofin ƙasa. Kyaftin ɗinta Musulmi ne, Ali Iqtidar Shah Dara, wanda ya buga tare da Dhyan Chand a Berlin. A cikinta akwai Musulmi da 'yan Sikh da 'yan Hindu, kuma Balbir ne ɗan gaba na tsakiya. Ba ta sake buga wasa a haɗe ba. A watan Agusta aka raba ƙasar gida biyu, Indiya da Pakistan, kuma layin rabon ya ratsa ta tsakiyar Punjab, ya bar Lahore a wancan gefe, Amritsar a wannan, garuruwa biyu da tsakaninsu bai wuce tafiyar kilomita 50 ba. Mutane fiye da miliyan 10 suka bar gidajensu, aka kashe dubban ɗaruruwa, wasu masana suna kai adadin miliyan ɗaya. Musulmi sun mutu, 'yan Sikh sun mutu, 'yan Hindu sun mutu, kuma babu ɓangaren da hannunsa bai taɓa jini ba. Balbir yana ɗan sanda, ya ga abin da idonsa. Matarsa 'yar Lahore ce, bai fi shekara da aurensu ba. Suka koma Ludhiana da zama.

Ka riƙe wannan a ranka idan kana duba ƙungiyar 1948. Dara da wasu abokan wasan Balbir sun zama 'yan Pakistan, har Dara ne kyaftin ɗinsu a Landan. Da yawa daga ruwa-biyun Turawa da Indiyawa, waɗanda suka riƙe ƙungiyar kafin yaƙin duniya, sun fara barin ƙasar. Dhyan Chand ya tsufa. Babu ko mutum ɗaya a ƙungiyar Indiya da ya taɓa buga Olamfik. Shi kansa Balbir da farko an tsallake sunansa a jerin waɗanda aka kira sansanin horo, sai daga baya aka saka shi.

A Landan ba a sa shi a wasan farko da Ostiriya ba. Aka sa shi a na biyu da Ajantina, Indiya ta ci 9 da 1, shida daga ciki nasa ne. Sai aka sake ajiye shi a benci a wasa da Sifaniya, wanda aka ci 2 da nema da ƙyar, da kuma wasan kusa da na ƙarshe da Holan, 2 da 1, shi ma da jiɓin goshi. Mutum ya ci shida a fitowarsa ta farko a ajiye shi! Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin zaɓen 'yan wasa ya san irin wannan ba ta rasa nasaba da ɓangaranci, wane ɗan Bombay ne, wane ɗan Punjab. Ana ba da labari cewa ɗaliban Indiya da ke karatu a Landan sai da suka kai kuka wajen jakadan ƙasarsu, Krishna Menon, kafin a mayar da shi.

Wasan ƙarshe ya kama ranar 12 ga Agusta 1948, a filin Wembley, da Birtaniya. Akwai tarihi a nan. Turawan Ingila su ne suka ci zinaren hoki a 1908 da 1920, amma tun da Indiya ta shigo a 1928 ba su sake kawo ƙungiya Olamfik ba har sai da aka ba ta 'yanci. Mutane da yawa suna ganin gudun kunyar shan kashi a hannun waɗanda suke mulka ne ya hana su. To ga shi an haɗu, a gidansu, saura kwana uku Indiya ta cika shekara ɗaya da samun mulkin kai. An yi ruwa, ciyawa ta jiƙe ta yi nauyi, irin filin da ya fi dacewa da Turawa masu dogon bugu. Kyaftin Kishan Lal da mataimakinsa K. D. Singh Babu suka cire takalma suka buga da ƙafa. Kafin a tafi hutun rabin lokaci Balbir ya ci biyu. Pat Jansen da Trilochan Singh suka ƙara ɗaya ɗaya, aka tashi 4 da nema.

Zinare uku na zamanin Dhyan Chand an ci su ne da sunan Indiyar da ke ƙarƙashin Sarkin Ingila. Wannan shi ne karo na farko da aka ɗaga tutar Indiya mai 'yanci a gasar Olamfik don ta zo ta ɗaya, kuma a Landan aka ɗaga ta. Har ya tsufa Balbir yana cewa lokacin da ya ga tutar tana hawa ji ya yi kamar shi ma yana tashi sama, kuma a ranar ya fahimci abin da mahaifinsa yake shan ɗauri a kansa. Mu da Bature ɗaya ya mulke mu, kuma tutarsa ba ta sauka a Najeriya ba sai bayan shekara 12 da wannan rana, ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan wannan.

Don ka gane girman abin da ya yi a 1952, bari in ɗan buɗe maka yadda wasan yake. A hoki ba a cin ƙwallo daga nesa. Akwai wata rabin da'ira a gaban raga, nisanta kusan mita 15, kuma sai gorar ɗan wasa ta taɓa ƙwallo a cikinta kafin ci ya halatta. Ragar kanta faɗinta bai kai mita huɗu ba. Gefe ɗaya na gora kawai ake bugu da shi, gefen da yake shafaffe. A zamanin su Balbir ana tsayar da 'yan gaba biyar, 'yan tsakiya uku, 'yan baya biyu da gola, kuma akwai dokar satar gida, wadda aka soke daga baya. Ɗan gaba na tsakiya shi ne bakin mashi. Na kusa da shi dama da hagu su suke saƙa wasa, shi kuma aikinsa ya san inda ƙwallo za ta faɗo kafin ta faɗo, ya kuma rabu da ita kafin a rufe shi. A ciyawa ta gaske ƙwallo tana tsalle, tana karkacewa, don haka tsayar da ita ma kaɗai gwaninta ce. Abin da aka san Balbir da shi shi ne saurin yanke shawara a cikin da'ira. Ba ya tsayawa yi wa ƙwallo ado. Da na koyar da yara, abin da ya fi ba ni wahala ke nan: yaro zai yanke mutum uku da kyau, ya shiga da'ira, sai ya tsaya neman na huɗu. Samun wanda zai buga a daidai lokacin da ya kamata ya fi samun mai yanka wuya.

A Helsinki a 1952 Balbir ne mataimakin kyaftin, shi ne kuma ya riƙe tutar Indiya a bikin buɗe gasa. Wasa uku kawai Indiya ta buga. Ta ci Ostiriya 4 da nema, ɗaya nasa. Ta ci Birtaniya 3 da 1 a wasan kusa da na ƙarshe, duka ukun nasa. Ta ci Holan 6 da 1 a wasan ƙarshe, biyar nasa, ɗayan na kyaftin Babu, wanda shi ne yake zuba masa ƙwallayen. Cikin ƙwallo 13 da Indiya ta ci, 9 nasa ne, kuma 8 daga ciki a wasanni biyu mafi tsanani. Kafin ranar, wanda ya fi cin ƙwallo a wasan ƙarshe na hokin maza a Olamfik shi ne Reggie Pridmore na Ingila, da huɗu a 1908. Yau fiye da shekara 70 ke nan babu wanda ya kamo biyar ɗin Balbir.

Amma in ka tambaye ni wace gasa ce ta fi nuna ko shi wane ne, zan ce ta Melbourne a 1956, wadda bai ci ƙwallo da yawa a cikinta kamar sauran biyun ba. Shi ne kyaftin, shi ne kuma ya sake riƙe tuta. A wasan farko da Afganistan, wanda aka tashi 14 da nema, ya ci biyar, sai ƙwallo ta fasa masa yatsa a hannun dama. Ƙwallon hoki tauri gare ta kamar dutse. Duk gorar hoki ta bugun dama ce, hannun hagu yana sama yana juya ta, na dama yana ƙasa yana ba ta ƙarfi, kuma duk bugun da ka yi girgizarsa a yatsun dama take sauka. Wanda ya taɓa bugu da sanyin safiya da ɗan targaɗe a yatsa ya san abin da nake nufi, balle karaya. Ya huta sauran wasannin rukuni, Udham Singh ɗan Sansarpur ya ɗauki nauyin cin ƙwallo, aka yi wa Amurka 16, Singafo 6. Shugabannin ayarin suka ɓoye girman raunin, domin sun san ko tsayuwa kawai Balbir ya yi a da'ira sai an sa mutum biyu su tsare shi, wasu su samu sarari. Aka yi masa allurar kashe zafi ya shiga wasan kusa da na ƙarshe da Jamus, aka ci 1 da nema. A lokacin babu canjin ɗan wasa. In ka shiga, sai an tashi, minti 70 cur.

Wasan ƙarshe da Pakistan aka yi, karo na farko da ƙasashen biyu suka haɗu a hoki a Olamfik, shekara tara bayan rabuwa. Salon wasansu ɗaya, da yawansu harshensu ɗaya, malaman da suka koya musu ma kusan ɗaya. Randhir Singh Gentle ya ci ƙwallo ɗaya tilo daga bugun kusurwa a zagaye na biyu, aka tashi a haka. Indiya ta kammala gasar da ƙwallo 38, ba a zura mata ko ɗaya ba. Zinare na shida ke nan a jere ga ƙasar, na uku ga Balbir. A 1957 gwamnati ta ba shi lambar girma ta Padma Shri, shi ne ɗan wasa na farko da ya same ta. A 1958 ya je gasar Asiya a Tokyo, inda aka tashi babu ci da Pakistan, ita kuma ta ɗauki zinare da yawan ƙwallaye. A Rum a 1960, ba ya cikin ƙungiyar, Pakistan ta ci Indiya 1 da nema ta karya jerin.

Bayan ya ajiye gora ya koma horarwa da shugabancin wasanni a jihar Punjab. A gasar cin kofin duniya ta farko, a Barcelona a 1971, yana jagorantar ƙungiyar Indiya da ta zo ta uku. Wadda ta doke a wasan neman na ukun za ta ba ka mamaki: Kenya ce, 2 da 1, bayan ƙarin lokaci. Ƙungiyar Kenya ta lokacin cike take da 'yan Sikh, zuriyar Indiyawan da suka zauna a Gabashin Afirka tun zamanin da Turawa suka shimfiɗa layin dogo daga Mombasa, kuma kyaftin ɗinsu Avtar Singh Sohal ya buga Olamfik huɗu. Har yau babu ƙasar Afirka da ta kai wannan matsayi a kofin duniya na hokin maza.

Sai 1975. Gwamnatin Punjab ta ɗauki nauyin sansanin horo a Chandigarh, aka naɗa Balbir manajan ƙungiya. Ana cikin sansanin mahaifinsa ya rasu, matarsa kuma ta kwanta rashin lafiya mai tsanani. Ya je aka yi jana'iza ya dawo bakin aiki. A Kuala Lumpur, a wasan kusa da na ƙarshe, Malesiya mai masaukin baƙi tana gaba da 2 da 1, saura 'yan mintuna a tashi, sai aka sako Aslam Sher Khan, Musulmi ɗan Bhopal, wanda ya daɗe a benci. Aka samu bugun kusurwa, Aslam ya rama, Indiya ta ci 3 da 2 a ƙarin lokaci. Ranar 15 ga Maris ta doke Pakistan 2 da 1, Ashok Kumar ɗan Dhyan Chand ne ya ci ta biyun, kyaftin kuma Ajit Pal Singh, wani ɗan Sansarpur. Shi ne kofin duniya ɗaya tilo da Indiya ta taɓa ci a hoki. Mutumin da ya ga yadda addini ya raba ƙungiyar Punjab a 1947, shi ne ya riƙe ƙungiya mai 'yan Sikh da Hindu da Musulmi da Kirista ta ci duniya, kuma 'yan wasansa sun shaide shi da girmama ibadar kowa.

To me ya sa sunansa bai kai na Dhyan Chand ba, har kai da kake kallon finafinan Indiya ba ka taɓa jin sa ba? Ranar haihuwar Dhyan Chand, 29 ga Agusta, ita ce ranar wasanni ta ƙasa a Indiya. Babban filin hoki na Delhi sunansa yake ɗauke da shi, haka ma lambar yabo mafi girma ta wasanni tun 2021. Balbir kuwa bai wuce Padma Shri ɗin 1957 ba. Akwai masu cewa don shi ɗan Sikh ne, suna nuni da abin da ya faru a 1984, lokacin da soja suka kutsa babban wurin ibadarsu a Amritsar, masu gadin firaminista Indira Gandhi 'yan Sikh suka kashe ta, aka bi 'yan Sikh ana kashewa a Delhi, kusan mutum 3,000. Ba zan ce wannan bai taka rawa ba. Sai dai ni a ganina bai isa ya zama dukan bayani ba, domin Leslie Claudius da gola Ranganathan Francis su ma sun ci zinare ukun nan tare da shi, ba 'yan Sikh ba ne, kuma an manta da su fiye da yadda aka manta da shi. Abin da ya binne su duka shi ne faɗuwar wasan kansa. A 1976 aka koma buga Olamfik a kan ciyawar roba, wadda take da tsada, take kuma son gudu da ƙarfi fiye da laushin hannu. Ƙasashen Turai da Ostireliya suka shimfiɗa ta ko'ina, yaron Sansarpur kuwa yana nan a kan turɓaya. Indiya ta zo ta bakwai a shekarar. Ta ci zinare a Mosko a 1980, lokacin da manyan ƙasashen hoki suka ƙaurace, daga nan shiru. A 1982 Pakistan ta yi mata 7 da 1 a Delhi a gaban jama'arta, a 1983 kuma 'yan wasan kurket na Indiya suka ci kofin duniya, daidai lokacin da talabijin yake shiga gidaje. Zukatan yara suka koma can. Ƙasa takan riƙe suna ɗaya daga wasan da ta daina kallo, kuma sunan da ta riƙe shi ne na farko.

In ana son kwatanta su, ni ga yadda nake gani. A sarrafa ƙwallo da gora, duk waɗanda suka ga Dhyan Chand sun ce ba a yi kamarsa ba, kuma Balbir kansa bai taɓa yarda a ɗora shi sama da shi ba. Gwarzonsa ne tun yana yaro. Amma abokan karawar Balbir sun fi ƙarfi. A 1932 ƙasashe uku ne kacal suka shiga gasar. Balbir kuwa ya fuskanci Birtaniya a gidanta, Holan da ta ƙware, da Pakistan da ta san duk sirrin Indiya. A cin ƙwallo a ranar da ake bukatarta, ban san wanda zan sa a gabansa ba.

Akwai abu ɗaya da yake ɓata mini rai duk lokacin da na tuna. A 1985 ya ɗauki lambobinsa da dama, da tsofaffin hotuna, da kwat ɗin kyaftin da ya sa a Melbourne, ya miƙa wa hukumar wasanni ta ƙasarsa don a sa a gidan tarihin da aka ce za a gina. Lambobin zinaren Olamfik uku ne kawai ya riƙe. A 2012, da aka shirya baje kolin tarihin Olamfik a Landan, aka zaɓi 'yan wasa 16 daga duk tarihin gasar, shi kaɗai ne ɗan hoki kuma shi kaɗai ne ɗan Indiya a cikinsu. Aka nemi kwat ɗin don a nuna, aka neme ta sama da ƙasa ba a gan ta ba, haka sauran kayan. Iyalinsa sun yi shekaru suna bin sawu.

Ya yi ƙarshen rayuwarsa tsakanin Chandigarh da Kanada, inda 'ya'yansa maza suke. Ko da ya haura 90 yakan je filin wasa da jan rawaninsa ya zauna kallon yara, kuma ya sha faɗa cewa burinsa ya ga Indiya ta sake hawa dandamalin Olamfik kafin ya mutu. Ya rasu ranar 25 ga Mayu 2020 a Mohali yana da shekara 96, ana tsakiyar kullen korona, don haka mutane kaɗan ne suka samu raka shi. Bayan shekara guda aka sa wa filin hoki na Mohali sunansa. Ranar 5 ga Agusta 2021, wata 14 da 'yan kwanaki bayan rasuwarsa, Indiya ta doke Jamus 5 da 4 a Tokyo ta ci tagulla, lambarta ta farko a hokin Olamfik cikin shekara 41. Kusan rabin 'yan wasan daga Punjab suke, kyaftin ɗinsu kuma Manpreet Singh ne, ɗan Mithapur, ƙauyen da ke maƙwabtaka da Sansarpur.